Bikin Gama Karatun Losa

Ran da Sulieti ta tsayar da ranar bikin gama karatun Losa, ita Losar ba a tambaye ta ba. Muna ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffi, inda na shekara goma sha ɗaya ina aiki, Losa kuma take zuwa aiki duk Asabar. Muna cikin naɗe zannuwan gado wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini. Katin gayyata ne aka saka a guruf ɗin matan cocinmu. Ga hotonta a tsakiya an zagaye shi da furanni, a ƙasa an rubuta "Nas Losaline" da ruwan zinare. Asabar ta ƙarshen Nuwamba, a babban zauren coci.

"Anti Fusi," ta ce, "ai ban gama ba."

"Yaushe za ki gama?"

"Ran Juma'a. Ana gobe biki."

"To ai ya yi daidai. Ki gama Juma'a, mu cashe Asabar."

Ta dube ni kamar a nan Brisbane aka haife ni. Tun kafin ta buɗe baki na gane wautata. Bikin Asabar tun Laraba ake ɗora tukunyarsa, kuma kaf 'yan Tonga mazauna unguwarmu ta Logan babu wanda bai san hannun da ke ɗora tukunya a gidan Sulieti ba.

Abin da ya rage mata a karatun nas sati huɗu ne na aiki a asibiti, ƙarƙashin idon wata Sista. Bara ta yi shi ta faɗi, ba don ba ta iya ba, sai don Sulieti ta tafi Tonga jana'iza ta yi sati uku, ta bar mata gida da duk abin da ke cikinsa. Makaranta ta ba ta dama ta ƙarshe a rubuce: in fashinta ya wuce kwana biyu, an cire sunanta. Takardar zamanta a ƙasar nan kuwa ta ɗalibai ce, in babu makaranta babu zama. Na ga wasiƙar da idona, tana ninke a bayan murfin wayarta har ta fara yagewa.

Wanda bai san mu ba zai ce, to ta buɗe baki mana ta ce a ɗaga bikin. Sulieti yayar mahaifinta ce, wadda mu 'yan Tonga ke kira mehekitanga, kuma mu ba ma ce wa gwaggo a'a. Ita ta raɗa mata suna. In ta ga ɗan kunne a kunnen yarinyar ya burge ta, nata ne. In ranta ya ɓaci ta yi mata baki, tsofaffi sun ce ko haihuwa sai ta gagara. Ni kaina ina da gwaggo a Auckland, shekarata hamsin da huɗu, amma in ta kira ni sai na gyara zama kafin in ɗauka.

Kuma Sulieti ba ta taɓa ɓoye alherinta ba. Duk taron mata sai ta faɗa. "Ni na ɗauko ta daga tsibirin Vava'u da 'yar jakarta guda. Ɗaki kyauta, abinci kyauta. Karatu kawai na ce ta yi, ba ruwanta da komai."

Doka ta ƙayyade wa ɗalibai awannin aiki, kuma Losa ba ta taɓa ƙetare doka ba. Asabar tana wurina, sau uku a sati kuma tana shagon soya kaza da yamma. Waɗannan su ne aiki. Ofis shida da Sulieti ta karɓi kwangilar sharewa, waɗanda Losa ke gogewa kafin ta kama jirgin ƙasa zuwa makaranta, su ba aiki ba ne, taimakon gida ne. Haka ma Nena, uwar mijin Sulieti, wadda ɓarin jikinta ya shanye take kwance a ɗakin baya. Ɗakin kyautar da ake faɗa shi ne wannan, katifar Losa tana ƙasa kusa da gadon tsohuwar. Ita ke juya ta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta canja mata ƙunzugu.

"Ai gata aka yi mata," in ji Sulieti. "Wasu ɗalibai neman majinyaci suke su gwada hannu ba su samu ba. Ita ga nata a ɗaki."

Lahadi kuwa ranar hutu ce, Sulieti ba ta yarda kowa a gidanta ya yi aikin kuɗi ran Ubangiji ba. Don haka ranar Losa ba ta yin komai sai haɗa wutar gasa nama a farfajiyar baya, da girkin mutum goma sha biyar, da zuwa coci sau biyu, da wanke-wanke.

Akwai Talita, 'yar Sulieti, sa'ar Losa ce. Tana aiki a shagon sayar da waya kuma bayanta yana ciwo duk lokacin da aka ambaci Nena. Akwai maigidan, Filimone, mutum mai sanyin hali wanda na taɓa tarewa a bakin coci na ce masa yarinyar nan tana ramewa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Fusi, 'yar ƙaninta ce. Ni in na saka baki a can, ta ina zan fita?" Uwarsa ce ake yi wa jinyar, amma maganar ba ta shafe shi ba.

A shekararta ta fari abokan karatunta suna gayyatarta yawo. Wata 'yar Filifin mai suna Maricel ta nace mata sosai, yau bakin teku, gobe cin abinci, jibi zagayowar ranar haihuwar wani. Kullum Losa sai ta ce wani satin. Da suka gaji suka daina. Yarinyar da ta tashi tana iyo kafin ta iya tafiya, shekara uku ba ta tsoma ƙafa a teku ba, ga shi nan tafiyar awa guda a mota. Da na yi wa Sulieti zancen sai ta riƙe baki. "Wane irin kaɗaici? Talata da Alhamis tana cikin mawaƙan coci, Juma'a tana taron matasa, ita ce ma mai haɗa musu shayi. Me za ta je yi cikin 'yan iska?"

Da lokacin asibiti ya zo, mai shagon kaza ya ba ta hutun wata guda ba tare da musu ba. Ni ma na ce ta bar mini Asabar biyu zan ji da su. Ta roƙi gwaggonta hutun ofisoshin. Sulieti ta yi dariya ta ce hutu ai daga aiki ake ɗauka.

Kwanan fashi na fari ya tafi tun a satin farko. Nena tana da ganin likita ran Laraba, Sulieti kuma tana da alkawari da telar da ke ɗinka ankon biki, kuma tela ba ta jira. Na biyu ya tafi a sati na uku. Losa ta goge ofisoshinta, ta shiga jirgi a Woodridge, ta ce bari ta rufe ido kaɗan. Mai shara ne ya tashe ta a Ferny Grove, ƙarshen layi, can ɗaya gefen birni. Kafin ta dawo ta isa asibiti rana ta yi nisa, aka rubuta mata fashi.

Ran nan ta zo gidana da yamma, ta zauna a kan matakala ko takalmi ba ta cire ba.

"Sista Kerry ta kira ni ofis. Ta ce kwana biyuna sun cika."

"Faɗa ta yi miki?"

"Da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi a duk ɗaliban da ta gani bana babu mai hannuna. Akwai wani tsoho a gado na tara, ba ya yarda kowa ya juya shi sai ni. Ta ce, Losa, me ke faruwa a gida?"

"Kika ce me?"

"Na ce lafiya lau."

Ni ce na zuga ta ta yi wa gwaggonta magana, na ce zan zauna a wurin. Ran Lahadi bayan coci mata sun cika garejin Sulieti ana shimfiɗa tabarmi da zannuwan ɓawon itace ana duba na bayarwa. Losa ta shigo a sunkuye ta zauna a ƙasa daga nesa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Sati guda kawai take roƙo a ƙara.

"Sati guda," in ji Sulieti, tana shafa bakin wata tabarma. "Kun ji ko? An kama zaure tun Agusta. Mutanen Auckland sun yanki tikiti. Fasto zai yi tafiya farkon Disamba. Duk a rushe saboda Nas tana da uzuri."

"Gwaggo, ko a bar ni in je Alhamis da Juma'a kawai. In na dawo zan yi komai."

"Kafin Alhamis sun yi sati uku da rabi suna kallon aikinki. Abin da ba su koya miki a shekara uku ba, a kwana biyu za su koya miki? Ni fa don ke nake wannan wahalar. Bara dangin Filimone sun yi wa ɗansu biki don ya gama koyon gyaran famfo, famfo fa, alade shida. Ke da kika karanta nas sai in bari a ce 'yar ƙanina Semisi ba ta da kowa?"

Mata suka ce gaskiya ne. Wata ta ce ina ma ita ta samu gwaggo irin wannan. Ni da na ce zan zauna a wurin, na zauna.

Abin da kowa ya sani kuma ba wanda ya faɗa shi ne, a irin wannan biki gwaggo ce ke zama a kan tebur na sama. Tabarmar da ta fi kyau tata ce, zanen da ya fi tsawo nata ne, hawan kek na ƙoli ma ita ake kai wa. Sulieti ta shekara ashirin tana kallon wasu mata suna hawa wannan kujera, don 'ya'yan 'yan'uwanta maza duk suna can tsibiri. Yanzu da Allah ya kawo nata, ba wata Sista da za ta ɗaga mata shi.

Ran Alhamis ƙarfe shida saura kwata na tsaya da mota a ƙofar gidan, kamar yadda muka ƙulla ni da Losa. Rana ta riga ta fito. Ta ɓullo ta ƙofar baya sanye da shuɗin kayan asibiti, takalmi a hannu, yatsunta sun yi jajur saboda ƙaiƙayin gwazar da ta fere jiya. Saura taku biyar ta iso mota aka yi gyaran murya daga gareji. Sulieti ce zaune a kujerar roba tsakanin buhunan doya, da kofin shayinta.

"Sai ina, Nas?"

"Asibiti, Gwaggo. Ƙarfe uku na dawo, ba zan zauna ba sai na gama komai."

"Alade takwas za a kawo ƙarfe tara. Baƙi goma sha huɗu suna sauka ƙarfe goma. Nena ba a yi mata wanka ba. Wa kika bar wa?"

"Talita ta ɗauki hutu."

"Talita ta ɗauki hutu ne don gyaran gashi, ita ce mai gabatarwa. Bikinki ne ko nata? Kina can kina kwashe kashin Turawa, 'yata tana nan tana yi miki bauta?"

Losa ta sunkuya ta fara saka takalmi. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, kuma na ji daɗi har cikin raina. Sulieti ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kofi, ta ɗauki waya, ta kira ƙaninta a Vava'u, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji. Yana ɗauka ta fashe da kuka.

"Semisi, 'yarka ta girma. Shekara uku tana cin abincina. Yau ina magana tana ɗaura takalmi."

Ana jin zakara yana cara a bayansa. "Losa? Losa, kina jina?"

"Ina ji, Baba. In ban je ba yau korata za su yi."

"Haba, wa zai kori mutum ana jibi bikinsa? Gwaggonki ta fi ki sanin ƙasar nan. Uwarki wata takwas tana saƙa tabarmar da muka aiko, har idonta ya fara ruwa. Doyar da ke gabanki ni na haƙa ta. Kada ki sa yayata ta zubar da hawaye a kanki, kin san abin da ke biyo baya. Cire takalmin nan, 'yata. Don Allah."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta waiwayo ta dube ni. Injin motata yana aiki, ƙofar ba a kulle take ba, abin da ya rage kawai in miƙa hannu in tura ta in ce shigo. Sai Sulieti ta share ido ta leƙo.

"A'a, Fusi ce? Ashe ke ce direba."

Ɗana zai yi aure a Afrilu, kuma Sulieti ce shugabar mata. In ta ce kada a zo, ko kare ba zai leƙo ba. Sai na ji bakina yana cewa na biyo ne in ji ko ana neman hannu wajen gurza kwakwa. Na kashe mota. Har yau in na tuna kunya ce ke kama ni, kuma na cancance ta.

Na gurza kwakwa arba'in a ranar. Losa ta cire kayan asibitin ta rataye a bayan ƙofa, ta yi wa Nena wanka, ta shimfiɗa wa baƙi katifu, ta ƙunsa nama da madarar kwakwa a ganyen gwaza har ƙunshi ɗari uku. Wayarta ta yi ta ƙara a kan firji, ba ta ɗauka ba. Ba ta ci komai ba.

Kada in zalunci Sulieti, ta lura yarinyar ba ta ci ba, kuma abin ya dame ta, don ba ta son a ga idon mai biki a kumbure. Ran Juma'a da safe ta kira ni ta ce in kai ta asibiti za ta gyara maganar yadda manya ke gyarawa. Ta sha ado, ta ɗaura tabarmar ƙugu ta zuwa gaban manya, ta ɗauki wata tabarma mai kyau, da kwando shaƙe da ƙunshin ganye da cinyar alade da doya mai zafi. Na ce mata nan ba a yin haka. Ta ce girma ko'ina girma ne.

Muka hau bene na huɗu ƙamshin kwakwa yana bin mu. Sista Kerry doguwar mace ce mai gajeren gashi, da biro a saƙale a wuyan riga. Sulieti tana ganinta ta zube a ƙasa a tsakiyar hanya, ta shimfiɗa tabarmar a gabanta, ta fara jawabin ban haƙuri da guntun Turancinta, hawaye shaɓe-shaɓe. Laifin ba na yarinya ba ne, na iyali ne, iyali sun zo da kansu a ƙasa. Masu tura gadaje suna ta kewaye ta. Fuskar Sista ta yi ja har kunne.

"Ba komai, ba komai," take ta cewa. "Don Allah tashi. Ba komai."

Mutanen ƙasar nan "ba komai" a bakinsu yake. Ka taka musu ƙafa a jirgi, ba komai. Ka gode musu, ba komai. Su sallame ka daga aiki ma, da ba komai za su raka ka ƙofa. Sista ta ce ba za ta iya karɓar tabarmar ba. Abincin kuwa da Sulieti ta nace, sai ta ce a kai ɗakin hutun ma'aikata. Sannan ta yi bayani a hankali, tana duban idona don ta ga ni nake fahimta: tun jiya ta aika rahoto, doka ce, maganar ta bar hannunta ta koma makaranta. Ta kira Losa sau biyar. Ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, don yarinyar nas ce ta gaske.

A mota Sulieti tana ta fara'a. "Kin gani? Baturiya ma ta san girma. Ta ce ba komai, kuma ta karɓi abincina. In an ci abinci ai magana ta mutu."

"Sulieti, cewa ta yi ta riga ta aika rahoto."

"Ke dai Fusi ba kya son a ji daɗi. Sau nawa ta ce ba komai? Ni na ƙirga, sau huɗu."

Saƙon makaranta ya shigo ƙarfe uku da 'yan mintoci, muna farfajiyar baya muna yanka kankana. Losa ta goge hannu a zani ta karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta zauna a ƙasa gaban gwaggonta ta karanta mata da harshenmu, kalma bayan kalma. An cire sunanta. Za a sanar da hukumar shige da fice.

"Wannan na'ura ce ta aiko," in ji Sulieti. "Na'ura ba ta san na je ba. Litinin ma koma. Yanzu ki saki fuskarki, kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa. Mutane sun ƙetaro teku saboda ke."

Da na tashi tafiya Sulieti ta rako ni bakin mota, ta rage murya. Nan na gane ta fahimci Sista sarai.

"In ma sun ƙi, Fusi, sai me? Wa zai zo Logan neman yarinya guda? Ta zauna abinta a gida, ba fita ba wahala. Nena ma ta saba da hannunta."

Biki ya yi biki, ba zan yi ƙarya ba. Tebur goma sha biyu, kowanne abinci hawa-hawa har ba ka ganin na gabanka. Anko shuɗi da fari, kalar asibiti. Sulieti tana can sama a kujerar da aka lulluɓe da zanen ɓawon itace, tabarmi jibge a gefenta, ta uwar Losa a kan gaba. Aka aro wa Losa rigar kammala karatu da hula a wurin yaron nan mai gyaran famfo, hannun rigar ya rufe mata yatsu. Aka yi ta rataya mata sarƙoƙin alawa da furanni har suka kai mata haɓa. Da aka tuna babu takardar da za ta riƙe a hoto, Talita ta ce ta tanada, ta zaro wata farar takarda a naɗe an ɗaure ta da jan ƙyalle.

Tsofaffin coci suna ta zuwa suna miƙa mata hannu. "Nas, taɓa ki ji, jinina ya hau ko?" Ita kuma tana taɓawa. Aka shafa mata man kwakwa ta yi rawa, aka yi mata liƙi har ba a ganin kafaɗunta, Talita tana bi tana kwashewa tana kai wa tebur na sama. Ni ma na tashi na liƙa. Na ci ƙunshin ganye biyu, kuma sun yi daɗi.

Sai aka ba ta makirfo ta yi godiya. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ina gode wa Gwaggo Sulieti," ta ce, "wadda tun ran da na sauka a ƙasar nan ba ta taɓa barina na zauna haka kawai ba, ko na minti ɗaya."

Aka yi tafi.

"Ita ta koya mini yadda ake goge ofis shida kafin a shiga aji. Ita ta ba ni majinyaciya tawa ni kaɗai, shekara uku ba wanda ya ƙwace mini ita. Abokan karatuna suna yawon bakin teku, ni Gwaggo ta tsare ni. Ko a wannan satin na ƙarshe ba ta bari na yi nisa da ita ba."

Mata suna ta cewa madalla. Fasto ya ce iyaye su ji, haka ake riƙon amana. Sulieti tana kuka na gaske, har da sheshsheƙa. Losa ta ɗauki hawan kek na ƙoli, ta tako a sunkuye tsakanin tebura, ta ajiye shi a gaban gwaggonta. Na duba fuskokin mutum ɗari biyu ko zan ga wanda ya ji abin da na ji. Filimone kaɗai na gani ya sunkuyar da kai, shi ma ƙashi yake cirewa daga nama.

Daga nan Talita ta haɗa wayarta da babban allon da ke bango. Ga Semisi da matarsa a Vava'u, sun yi ado, maƙwabta sun cika bayansu. Hoton yana tsayawa yana tafiya, fuskokin duk sun dushe.

"Losa! Nas! Kai, ku dube ta!" Yana dariya yana share ido. "Wannan ce takardar a hannunki? Buɗe mu gani. Uwarki tana so ta gani."

Sulieti ta ɗaga hannu ta ce a bari sai an gama hotuna. Amma zaure ya riga ya ɗauka, ana tafi ana cewa a buɗe, a buɗe. Losa ta ja ƙyallen. Ina tebur na gaba, na ga takardar sarai. Talita ta ciro ta ne daga ƙofar firji, don ita ce mai kauri da ta fara gani. Jadawalin Losa ne na sati, wanda ta buga a makaranta, gida-gida da launuka. Ofisoshi. Wankan Nena. Jirgi. Aji. Kaza. Mawaƙa. Maganin Nena. Wanki. Daga Litinin zuwa Lahadi babu gida ɗaya da yake fari.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya shi, ta ɗaga da hannu biyu saitin wayar.

Semisi ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. Bai iya Turanci ba, hoton ma ba ya fita. Launuka kawai yake gani da rubutu cunkus.

"Kai, kai, kai," ya ce. "Ku zo ku gani, ko wurin saka yatsa babu. Losa, duk wannan ke kika yi?"

"Duk ni na yi, Baba," ta ce.

Zaure ya kaure da tafi, aka saki kiɗa.